Garatan a Kwanon Zalihatu

A layinmu, nan Dogon Dutsi, maza ba sa cin abincin dare a cikin gida. Da an sallame Magariba kowa zai shiga ya ɗauko kwanonsa, a haɗu a ƙofar gidan Alhaji Is'haƙa mai hatsi, a shimfiɗa tabarmi biyu, a jera kwanoni a tsakiya, a ci na wannan a matsa a ci na wancan. Ciyayya ke nan. Mu bakwai ne idan kowa yana gari. Maza suna ɗauka abinci suke ci. Mata kuwa sun san jarrabawa ake yi musu kullum, kuma sakamakon a cikin kwano yake dawowa. Wanda ya dawo wayam, mai shi ta ci. Wanda ya dawo da saura, kafin hantsi kowace mace a layin ta ji labari, har da yawan sauran.

Kwanon matata Zalihatu, wadda ake kira uwar Kausar, wata farar langa ce mai jan murfi da zanen fure a gefe. Shekara goma sha uku tana fita, ba ta taɓa dawowa da ko loma ɗaya ba. Zalihatu ba ta taɓa yin maganar ba. Amma na lura idan na dawo da langar takan karɓa da hannu ɗaya, ta ɗan jinjina nauyinta, sannan ta tambaye ni ya gajiya.

Ni malamin lakwal ne, ilimin halittu nake koyarwa a kwaleji, shi ya sa ake ce mini Mushe Bilyaminu, kamar yadda ake kiran kowane malamin boko a nan. Abin ya faro ne ranar da lokotoro, wato likita, ya auna mini tansiyo, hawan jini ke nan. Ya dubi allurar na'urar, sannan ya dubi tumbina, kuma ya fi daɗewa a kan tumbin. Ya ce in rage mai, in rage gishiri, in rage tuwo mai nauyi da dare, in ƙara furotin. Furotin kuwa ni nake koyar da shi, aji huɗu a mako. Na ji zafin a ce wani ne ya tuna mini.

Da yammar nan na samo wani bidiyo a salula. Wata Bafaranshiya ce a farin madafi tana haɗa abin da ta kira garatan na kaza: ƙirjin kaza ba fata, ganye, farin kindirmo a madadin mai, ɗan cuku a sama, duk a kwano ɗaya, a tura cikin tanderu minti ashirin da biyar a zafi ɗari da tamanin. Ta ce ba nauyi, furotin ne zalla, kuma ya dace da mai aiki daga Litinin zuwa Juma'a. Sau huɗu na kalla. A na huɗun ji na yi kamar na riga na dafa, har na fara ganin kurakuranta.

Ranar Lahadi a wurin ciyayya na tsoma yatsa a miyar gidan Alhaji, na ɗaga, mai yana ɗiga.

"Kun ga wannan? Shi ne ke toshe jijiyoyin jini."

Alhaji ya ce, "Mushe, in ba ka ci, ɗauke hannu, ka tare mini hanya."

Nafi'u mai shagon salula, wanda bara ya yi aure ya shigo ciyayya, wandonsa bai kai idon sawu ba kuma ba ya barin magana ta wuce bai samo mata hujja ba, ya ce, "Ai dama cika ciki ba sunna ba ne." Yana faɗa yana jawo kwano na uku.

Na yi musu bayanin kitse mai kyau da kitse marar kyau. Na yi bayanin zuciya da ɗakunanta huɗu. Jibo mai burodi, wanda gidansa ke ƙarshen layi, ya bari na kai aya sannan ya ce, "To mi za mu ci? Alli?"

"Gobe za ku gani. Wani abinci zai fito daga gidana wanda ba a taɓa ci ba tun daga nan har Matankari. Ba mai, ba nauyi. Ku ci ku tashi kamar ba ku ci ba."

"Wa za ya dahwa?"

A layinmu magidanci ɗan shekara arba'in da shida ba ya cewa ya shiga madafi. Na gyara zama na ce, "Na koya wa iyali."

Alhaji ya ce, "To shi ke nan. In dai hannun uwar Kausar ne, ko ƙasa ta dahwa muna ci."

Litinin aji ɗaya nake da shi, da safe. Ina fitowa na wuce kasuwa wurin Habu mai kaji.

"Ƙirji nake so. Giram ɗari shida."

"Ƙirjin mi?"

"Na kaza."

"To sauran kazar fa, Mushe? In bar ta ta tahi gida?"

Ya ɗago mini wasu sagarorin kaji biyu, ɓul-ɓul da su. Na latsa na ji kitse, na ce a'a. Can a bayan keji na hango wasu zakaru biyu, dogaye, ƙirji a buɗe, suna kallon kasuwa kamar su ke karɓar haraji.

"Waɗancan fa?"

"Waɗancan daga Dumega aka kawo su. Sati uku muna tare, har mun saba."

"Suna da kitse?"

"Ko ɗigo. Wanga ja da kake gani, karen gidansu ma kauce mishi yake."

"Tsoka zalla ke nan."

"Zalla."

Na bayyana masa cewa tsoka ita ce furotin, don haka dabbar da ta fi motsa jiki ta fi amfani. Habu ya saurara da ladabi, yana ɗaure musu ƙafa da sauri irin na wanda ba ya son mai saye ya sake tunani.

A gida na yanka, na fige, na zauna a tsakar gida da wuƙa ina saɓule fata. Zalihatu tana kan kujera tana tsince zogale.

"Baban Kausar, fatar fa?"

"Kitse ce."

"Fukafukan?"

"Kitse."

"Wuya da ƙundu?"

"Ba sa cikin tsari."

"To mi ya yi saura a zakaran?"

Ta tashi ta kwashe abin da na ware, ta zuba a tukunyarta, ta dawo ta zauna. Can ta ce, "Wanga zakara in ba a tafasa shi da ƴar kanwa daga azahar zuwa la'asar ba, haƙori ba ya shigar shi."

"A bidiyon ba a tafasawa."

"Matar cikin salular ta ga zakaran?"

Na ce mata kimiyya ɗaya ce a Faransa da Arewa. Sannan, tun da magana ta yi daɗi, na sanar da ita cewa maza suna jiran abincin yau, kuma na ce musu ita na koya wa.

Ta ajiye faifai a cinya. "Ka ce musu mi?"

"Ai gida ɗaya ne."

"Gida ɗaya, hannu biyu. Ka dafa abin da kake so, gidanka ne. Amma ba a kwanona ba. In na dawo daga islamiyya zan tuƙa tuwo, shi zai fita." Ta miƙo mini wani tsohon tire, ta yafa mayafi ta tafi.

Sai fili ya zama nawa. Farin kindirmon Bafaranshiya babu shi a garin, na sayi nono wurin wata Bafillatana da ke wucewa, mai tsami har yana sa ido ƙwalla. Koren ganyenta mai kama da ƙaramar bishiya babu, na yanka shu, wato kabeji, na ƙara zogalen Zalihatu. Cukunta mai laushi babu, amma akwai busasshen cukun Buzaye da wani abokin aiki ya kawo mini tsaraba tun kafin azumi. Daga nan na fara gyara mata girkin. Ita ta tsaya a giram talatin na furotin a kowane faranti, ni kuwa na ga Arewa za ta iya wuce haka. Na zuba wake tafi huɗu, ɗanye, don kada tafasa ta rage masa amfani. Na yayyanka awara. Na fasa ƙwan zabi biyar. Na barbaɗa garin ƙuli. Mai ko ɗigo ban sa ba, gishiri kuwa na nuna masa kwanon kawai.

Tire bai ɗauka ba. Nono ya fara bin gefe yana sauka ƙasa. Na duba robobi, roba ba ta shiga wuta. Na duba tukwane, ba a fita ciyayya da tukunya. Langar tana kan kantar kwanoni, an wanke an kife. Na gaya wa kaina cewa abin da Zalihatu take tsoro shi ne abinci marar daɗi, wannan kuwa ba shi ba ne, don haka haninta bai shafe shi ba. Na sauke ta na juye.

Cuku ya ƙi gogewa. Na sa shi a turmi na farfasa da taɓarya, na jera gutsattsarin a sama kamar mai rufin ɗaki.

A duk layin tanderu ɗaya ne, na Jibo, wata ƙatuwar kuba ta laka a bayan gidansa. Na same shi ya gama janye garwashi, gumi har gwiwar hannu.

"Jibo, ɗari da tamanin nake so."

"Ɗari da tamanin na mi?"

"Zafi."

Ya ɗebi ɗan gari ya watsa a bakin tanderu. Kafin ya sauke hannu garin ya yi baƙi. "Ka gani? Yanzu ko burodi ba shi shiga. Sai ta huce, burodi ya shiga ya hita, sannan nama ya shiga ya kwana ciki. Haka masu suna ke kawo mini kan rago, da sahe su ɗauka yana narkewa."

"Wannan na yau ne. A ganinka zafin nan ya ninka ɗari da tamanin?"

"Ni ban san ɗari da tamanin ba. Na san wuta."

"Mu ce ya ninka. Idan zafi ya ninka, lokaci ya ragu rabi. Minti goma sha biyu da rabi. Lissafi ne."

"Kai ke da boko." Ya ɗauko doguwar matura ta katako, ya tsaya. "Wanga ba kwanon uwar Kausar ba ne?"

"Ita ta aiko ni."

"Ita ta shafa maka garin ƙuli a gira?"

Na roƙe shi don zumuncin shekara goma sha uku kada ya gaya wa kowa. Ya ce shi mai burodi ne, abin da ya shiga tanderu bai shafe shi ba, sai dai abin da ya fito. Na riƙe murfin a hannu, ya tura langar ciki, na danna agogo.

A minti na huɗu aka fara wata ƙara kamar moto, wato babur, mai matsalar mai. A na bakwai nono ya tafaso ya malala a ƙasan tanderu, wani hayaƙi ya fito mai launin toka. A na tara matar Jibo ta tambaya ta bayan katanga wa ke ƙona ƙaho. Jibo ya ce a fitar. Na ce saura minti uku da rabi, ba a wasa da ma'auni. Na tsaya ina kallon agogo har daƙiƙar ƙarshe.

Langar ta fito baƙa ƙirin. Furen gefe ya tafi. Saman abincin ya haɗe ya zama faifai guda, baƙi-baƙi, mai sheƙi.

Na ce, "A bidiyon ma saman yana yin duhu."

Jibo ya ƙwanƙwasa da bakin matura. Ya yi sauti irin na ƙyaure. Ya kara kunne ya ce, "Akwai kowa ciki?"

Na zauna a nan na dirje bayan langar da yashi da toka har wani sashe na farin ya dawo. Na ɗora jan murfin, wanda shi bai ga wuta ba, daga nesa ba za ka ce an yi komai ba. Gida kuwa ban koma ba. Salulata ta yi ƙara sau uku, sunan Zalihatu a kai, na kife ta a kan benci. Da aka kira Magariba na bar langar a wurin Jibo, na yi salla, na dawo na ɗauka na wuce ƙofar Alhaji kai tsaye.

Ashe akwai baƙo. Wani dattijo ne mai farin gemu, Malam Usman, abokin cinikin Alhaji daga Kore Mairuwa, yana jiran motar hatsi ta gama lodi ya bi ta gida. Al'adar ciyayya kuwa, kwanon da aka fi ji da shi ake turawa gaban baƙo.

Alhaji ya ce, "Malam Usman, yau ka taki sa'a. Gidan Mushe sun yi sabon abu. Ai ma matar tashi ɗiyar garinku ce, ɗiyar Inna Mubarika."

"Mubarika ta bakin kasuwa? Ai duk bikin garinmu ita ke riƙe da muciya. Ashe nan ɗiyar take aure." Ya wanke hannu ya naɗe hannun riga.

Na so in ce abincin na masu tansiyo ne kawai. Kafin in haɗa maganar Alhaji ya ɗaga murfi.

Kowa ya leƙa cikin langar. Malam Usman ya yi bisimilla ya kai hannu. Yatsunsa suka tsaya a sama. Ya gwada ta gefe, ya gwada ta ɗaya gefen, ya danna da babban yatsa. Nafi'u ya ciro makullin shagonsa ya miƙa masa. Da makullin aka tsaga rufin. A ƙasa wani ruwa ne kore-kore, fararen gudaji suna yawo a kai, wake ya kwanta a gindi kamar tsakuwa, ga yankan zakara nan yadda na saka su, sai dai sun ƙanƙance sun ƙara yarda da kansu.

Na ce, "Bisimillanku. Da zafi ya fi daɗi."

Malam Usman ya ɗauki yanka ɗaya ya sa a baki. Ya tauna ta dama. Ya mayar hagu. Gemunsa yana sama yana ƙasa, idonsa yana kan tabarma. Nafi'u ya ɗauki ƙwayar wake, muka ji ƙas. Ya fito da ita, ya duba, ya shafa haƙorinsa da harshe, ya ajiye ta a gefen tabarma. Ya ce, "Ba a aibanta abinci," ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. Alhaji ya tsoma yatsa a ruwan ya lasa, ya rufe ido. Jibo bai taɓa ba. Ya zauna can gefe yana cin tuwon gidan Yaro tela, yana kallon sama.

Motar hatsi ta yi oda daga bakin hanya. Malam Usman ya haɗiye da taimakon ruwa moɗa guda, ya ce, "Masha Allah. Sabon abu kam." Alhaji, wanda baƙo ba ya barin ƙofarsa hannu wofi, ya ɓallo wani yanki na rufin, ya haɗa da nama uku da wake, ya ƙunsa a leda ya miƙa masa, fuskarsa kamar mai ba da haƙuri.

Malam Usman ya karɓa ya ce, "Bari in kai ma Mubarika, ta ga hannun ɗiyarta. Kullum tana cigiyar labarinta." Ya sa a aljihu ya tafi.

A nan ya kamata in yi magana. Na buɗe baki, na tuna yadda na ɗaga yatsa jiya mai yana ɗiga, na rufe.

Da ƙurar motar ta kwanta, Alhaji ya juyo ya sassauta murya.

"Mushe, mu nan duka magidanta ne. Mi ka yi mata?"

"Wa?"

"Uwar Kausar. Mace ba ta yin wanga sai da dalili. Shekara goma sha uku muna cin hannunta. Wanga ba girki ba ne, saƙo ne. Ka hana ta zuwa gida? Ka yi mata alkawarin zane ka manta?"

"Wallahi lafiya lau muke."

Nafi'u ya ce, "Ko ba ta da lafiya? Wani ciwon yana ɗauke ɗanɗano."

Yaro tela, wanda ya girme mu duka in ban da Alhaji, ya ce, "Ɗanɗano ba shi ƙona kwano. Ni na ga irin wanga a Matankari. Mace ce gwana, ta zubda ruwan zahi a bakin magudana da almuru ba ta yi bisimilla ba. Iska ta taɓa mata hannu. Tun ranar ko hura ta dama sai ta tsinke."

"Baba Yaro, ka bar wannan maganar. In ma haka ne ruƙya za a yi."

"Kai da ruƙyarka. An haihe ka sannan?"

Na ga magana tana neman kai Zalihatu inda ba za ta dawo ba. Sai dabara ta zo mini: idan langar ta koma wayam, mata ba su da abin cewa. Na jawo ta gabana na ce, "Daɗi gare shi, ba ku saba ba ne." Na ɗauki yankan zakara na sa a baki.

Ina koya wa yara cewa tsokar muƙamuƙi tana cikin masu ƙarfi a jikin mutum. Ban taɓa gaya musu tana da iyaka ba, don ban sani ba sai ranar. Yaro da Nafi'u suka gama gardamar iska, suka shiga ta kanwa, suka fito, ina kan yanka ɗaya. Na kurɓi ruwan don ya taimaka, tsaminsa ya hau mini har kunne. Na duba langar. Ko alamar raguwa babu. Ruwa ma ƙaruwa yake, don awara ta fara sakin nata.

Alhaji ya daɗe yana kallona, ya girgiza kai. "Ku dubi yadda yake rufa mata asiri. Wanga yaro yana son matarshi." Ya juya wajen zaure ya ɗaga murya ya kira matarsa. "Hajiya. Ɗauko mayahi. Ki biya ki ɗauki matar Yaro da amaryar Nafi'u, ku tahi ku ga uwar Kausar. Ku lallaɓa ta, ku ji ko mine ne."

Na ji ƙarar silifa a zaure tun kafin ya rufe baki, alamar Hajiya ba daga nesa ta taso ba. A zuciyata na hango Zalihatu zaune a tsakar gida, mata uku sun shigo suna yi mata sannu a hankali kamar an yi rasuwa, ɗaya tana leƙen hannunta. Na haɗiye zakaran yadda yake. Ya sauka a tsaye.

"Ni na dafa."

Alhaji ya ce, "Ka dahwa mi?"

"Wannan. Ita ba ta sani ba. Ta ma hana ni kwanon."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Jibo ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Alhamdu lillahi. Tun la'asar cikina ke ciwo don riƙe magana. Minti goma sha biyu da rabi, Alhaji. Da rabi. Ya ce lissahi ne. Burodin gobe duk warin nono za shi yi."

Yaro ya yi dariya har hularsa ta faɗi a miya. Nafi'u ya ce, "Namiji ya taya iyalinsa aikin gida sunna ce, Mushe, wannan ba abin kunya ba ne. Amma ka ɗora mata abin da ba ta yi ba, wannan kuma wani babi ne."

Yaro ya ce, "Wanga ba taya aiki ba ne, ɓarnar zakara ce."

Na ce zakarun ne suka tsufa, kuma tanderun Jibo ba shi da ma'auni.

Jibo ya ce, "Shekara ashirin yana gasa burodi ba ma'auni. Yau ya ga ma'auni ya ƙone kwano."

Alhaji bai yi dariya sosai ba. Ya bari aka lafa, ya ce, "Mu mun ji. Amma ba mu ke duba kwano ba. Tun da aka ɗaga murhin nan labari ya shiga gidana, kuma daga gidana ba shi tsayawa. Tashi ka ɗauki kwanon, a buɗe. Kowace ƙohwa ka yi sallama, ka hwaɗi abin da ka hwaɗa mana."

"Alhaji, ni malamin lakwal ne. Ƴaƴansu nake koyarwa."

"To ai ka saba magana gaban mutane."

Haka na bi layi da langa a hannu biyu, murfi a hammata. A zauren Alhaji na fara. Na yi sallama na ce abincin da ya fita yau daga gidana ni na dafa, uwar Kausar ba ta da hannu. Hajiya ta ce, "Allah ya ba ta haƙuri." Matar Yaro ta sa na matso da kwanon kusa da fitila, ta duba ta ce, "Wake ne wancan ko ƙashi?" Amaryar Nafi'u ta tambaye ni abin da na zuba da abin da na zuba, ɗaya bayan ɗaya, da na gama ta ce ta gode, dama don ta kiyaye take tambaya. Matar Jibo ta ce tun daga hayaƙin ta san ba mace ba ce. A gida na biyar ban ma gama sallama ba aka amsa daga ciki, "Mun ji, Mushe, amma hwaɗi dai."

Na tarar da Zalihatu zaune a tsakar gida, tuwonta a rufe a wani kwano kusa da ita. Na ajiye langar a gabanta. Ta daɗe tana kallon inda furen yake a da.

"Gida nawa ka shiga?"

"Shida. Duk na faɗa. Sunanki ya fita."

"Wa da wa suka ci?"

"Ba wanda ya ci sosai. Ni ne, da Nafi'u ƙwaya ɗaya, da wani baƙon Alhaji."

"Shi ma ya ji ka faɗa?"

"Ya riga ya tafi."

"Baƙon ina ne?"

Na dubi tuwon. Ƙamshin fatar zakara da ƙundu yana fitowa ta gefen murfi.

"Baban Kausar, baƙon ina ne?"

"Kore Mairuwa."

Na ga gara in gama gaba ɗaya, na ce Alhaji ya ɗan ƙunsa masa a leda, kuma ya ce zai kai wa Inna ta ga hannun ɗiyarta.

"Ƙarfe nawa kake da aji gobe?"

"Sha ɗaya."

"Inna ba ta karɓar baƙi sai ta gama lazimi rana ta ɗaga. Moto na da mai?"

"Ai sai in kira ta a salula yanzu, a gama."

"A hannu za a kai mata abin. Kai ma da ƙafarka za ka tafi."

Na ce to. Na sunkuya zan ɗauki langar in je in juye a bayan gida, ta ɗora ƙafa a gefenta.

"Kar ka zubar. Da shi za ka tafi. Inna ba ta yarda da magana sai ta gani."